Wa ke duba likitan ƙauye?

Ranar 19 ga watan Maris na shekarar 2020, ministan kiwon lafiya na lokacin, Dokta Idi Illiyasu Mainasara, ya sanar da ƴan ƙasa cewa an samu mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a birnin Yamai. Cikin kwanakin nan aka rufe iyakoki, aka sallami ƴan lakwal, aka tsai da sallar jam'i, kuma kafin watan ya ƙare aka killace Yamai, aka sa dokar hana fitar dare. Gidan rediyo ya yi ta maimaita gargaɗi guda da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa: kowa ya nisanci taro, kowa ya nisanci mai tari. Amma akwai mutanen da wannan gargaɗi bai iya shafa ba, domin aikinsu shi ne su matsa kusa da mai tarin, su taɓa goshinsa, su leƙa maƙogwaronsa, su kama hannunsa su nemi jijiya. Su ne ma'aikatan jinya da ungozomomi.

Shekaru sun wuce. Ranar 5 ga watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce korona ta daina zama annobar da ta ta da hankalin duniya gaba ɗaya. Nijar kuwa Allah ya yi mata sauƙi: waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su wuce kimanin dubu 10 ba, waɗanda aka rubuta sun rasu ɗari uku ne da ƴan kai. Wannan sauƙi shi ya sa mantuwa ta zo da wuri. An wanke hannu, an jefar da takunkumi, an koma kasuwa. To, amma akwai lissafin da ba a yi ba har yau, shi ne na abin da tsoro ya yi wa zukatan waɗanda su ka tsaya bakin aiki. Ya kamata a yi shi, domin annoba ba ta yi ban kwana da ƙasar nan ba.

Wanda ya ke so ya fahimci maganar, sai ya bar Yamai ya dubi wuri kamar Galma Kudawace, ƙaramar hukuma cikin gundumar Madawa ta jihar Tawa. Ƙasar manoma ce da makiyaya, tsakanin duwatsun Adar da fadamun albasa, kamar maƙwabtanta na Buza da Keita. A irin wannan wuri, mai farar riga kowa "likita" ya ke ce masa, ko da takardarsa ta ma'aikacin jinya ce daga makarantar ENSP ta Yamai ko ta Damagaram. Babbansu shi ne manjo. Ainihin dokta yana can asibitin gunduma a Madawa. Saboda haka manjo shi ke duba marar lafiya, shi ke rubuta magani, shi ke ɗinke wanda ya faɗo daga amalanke, shi ke karɓar haihuwa in ungozoma ba ta nan, shi ke tsaron firijin allurar rigakafi, shi ke cika takardun ƙarshen wata. Sau da yawa gidansa yana cikin shingen gidan likitar, taku kaɗan daga ɗakin da a ke kwantar da marasa lafiya. Matarsa tana girki tana jin nishin mai ciwo, ƴaƴansa suna wasa bisa yashin da masu jira su ka zauna. In an ƙwanƙwasa da ƙarfe biyu na dare, babu wanda zai ce yau ba shi ne da gadi ba.

Kamar yadda kowa ya sani, hannuwa sun yi kaɗan. OMS ta ƙiyasta cewa ƙasa tana bukatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi kamar 45 ga kowane mutum dubu 10 kafin ta ce ta wadata. Nijar ba ta kai biyar ba, kuma ƴan kaɗan ɗin da a ke da su sun fi yawa a manyan garuruwa. Ma'anar wannan a ƙauye ita ce mutum guda ko biyu su ne dukan kiwon lafiyar dubban jama'a. In manjo ya kwanta, gidan likita ya kwanta.

A cikin wannan hali labarin korona ya iso. Abin da ya fara isowa ta rediyo da wayar hannu shi ne hotunan Italiya da Sipaniya, ƙasashen da su ka fi Nijar asibitoci nesa ba kusa ba, inda likitoci ke mutuwa, gadaje sun ƙare. Sai labarin gida ya biyo baya: kafin ƙarshen watan Afrilu 2020 ma'aikatan lafiyar da su ka kamu a Nijar sun haura ɗari, alhali dukan masu cutar a ƙasa ba su kai dubu ba. Ranar 3 ga watan Mayu ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar, ya rasu da ita. Ma'aikacin ƙauye ba ya bukatar a yi masa fassara. In cutar ta kama ma'aikatan manyan asibitocin Yamai, ta ka da minista, ina ga wanda safar hannunsa ta kusa ƙarewa?

Abin da ya fi tsananta zullumin shi ne rashin sani. A watannin farko a cibiyar CERMES ta Yamai a ke yin gwaji, tafiyar kilomita kamar 500 daga Madawa. Alamun cutar kuwa masassara ce da tari da ciwon jiki, wato abin da rabin masu zuwa likita ke kawowa kowace safiya, musamman lokacin ƙura da zafi. Ba a iya bambanta ta da mura ko masassarar cizon sauro da ido. Ga shi lokacin ya zo daidai da komowar ƴan cin rani. Mazajen Adar tun kaka da kakanni su kan fita bayan girbi, su nufi Najeriya da Kwaddibuwa da Libiya da Aljeriya, su komo kafin ruwan shuka. An rufe iyaka bisa takarda, amma mutanen Bangi da Sabon Gida sun san hanyoyin daji zuwa ƙasar Sakkwato fiye da yadda soja ya san su. Duk baƙon da ya shigo yana tari, sai gaban likita ya faɗi: daga ina ya fito, da wa ya kwana cikin mota? Ya duba shi, ya ba shi magani, sannan ya shiga ƙirga kwana goma sha huɗu a zuciyarsa. Kafin su cika wani ya zo, ƙirga ta koma farko.

Ma'aikata da dama a ƙasashe daban-daban sun faɗi abu guda, cewa tsoron mutuwarsu bai kai tsoron kai cutar gida ba. Wannan ya fi nauyi a ƙasar Hausa, inda ba a san mutum ya keɓe kansa a ɗaki ba. Akushi guda a ke ci, buta guda a ke alwala, tsohuwa tana gida, jinjiri yana goye. OMS ta ce cikin ma'aikatan jinya goma na duniya tara mata ne, kuma ko a ƙauyukan jihar Tawa mata suna da yawa cikin aikin. Mace mai shayarwa ta tashi daga kan marar lafiyar da ba ta san ciwonsa ba, ɗanta yana kuka yana miƙo hannu: ta ɗauke shi ko ta ƙi? Mai ciki ta shiga ɗakin ko ta tsaya? Wata kuma mijinta ko uwar mijinta ke ce mata ta ajiye aikin, kada ta kwaso musu bala'i. Babu takardar da ta zo daga ma'aikata da amsar waɗannan tambayoyi. Kowace ita kaɗai ta yanke hukunci, ita kaɗai ta kwana da shi.

Sai kuma bakin jama'a. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa mutane da yawa ba su yarda akwai korona ba. An ce cutar Turawa ce, an ce ta masu hawa jirgi ce, an ce dabara ce ta cin kuɗin taimako. Rufe masallatai ya ɓata wa mutane rai ƙwarai, har aka yi tarzoma a Yamai da wasu garuruwa kafin a buɗe su ranar 13 ga watan Mayu 2020. Wanda ya sa dokar yana nesa, amma mai farar riga yana kusa, shi ne fuskar gwamnati da talaka ke gani. In ya sa takunkumi a ce yana ƙyamar mutane. In ya ce a rage masu rakiya a ce ya raina zumunci. In ya ce a yi hankali wurin wankan gawa a ce ya shiga abin da ba nasa ba. A gefe guda kuma waɗanda su ka yarda da cutar suna kauce masa a kasuwa da majalisa, suna hana ƴaƴansu wasa da nasa. Wato masu ƙaryatawa suna zarginsa, masu gaskatawa suna gudunsa. Ga mutumin da aka turo aiki daga wata jiha, ba dangi kusa, wannan kaɗaici ne mai tsanani.

Tsoron jama'a ya bar nasa tabo. Uwaye da yawa sun ƙaurace wa awo da allurar rigakafi a 2020, sai ga shi a watanni uku na farkon 2021 masu ƙyanda a Nijar sun kusa ninka na bara sau uku. Ma'aikatan da ba su gama hutawa daga wancan tashin hankali ba su ne su ka karɓi wannan.

Masana sun auna abin da irin wannan zama ke yi wa mutum. A farkon 2020 an tambayi ma'aikatan lafiya 1.257 a asibitoci 34 na ƙasar Sin. Rabinsu sun nuna alamun ƙuncin rai, kashi 45 cikin 100 suna fama da fargaba, kashi 34 ba su iya barci, kuma abin ya fi tsanani ga mata da ma'aikatan jinya da waɗanda ke taɓa masu cutar da hannunsu. Tun kafin nan, bayan annobar SARS ta 2003, an bi ma'aikatan asibitocin Toronto ta ƙasar Kanada, aka tarar shekara guda zuwa biyu bayan cutar ta wuce, gajiyar zuciya da damuwa sun fi yawa ga waɗanda su ka yi jinyar masu ita. Wannan darasi ne babba: ciwon zuciyar ma'aikaci ba ya ƙarewa ranar da aka ce annoba ta ƙare. Kuma tsoron nasu yana da tushe. A watan Yuli 2020 OMS ta ce ma'aikatan lafiya sama da dubu 10 sun kamu a ƙasashe 40 na Afirka. Daga baya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairu 2020 da Mayu 2021 waɗanda korona ta kashe cikinsu a duniya sun kai daga dubu 80 zuwa dubu 180. Kafin korona, cutar Ebola ta 2014 zuwa 2016 ta kashe ma'aikatan lafiya sama da 500 a Gine da Laberiya da Saliyo. A Legas ta ɗauki ran Dokta Stella Adadevoh, wadda ta hana mai cutar na farko fita daga asibiti, ta tsare miliyoyin mutane da ranta.

Waɗannan lambobi na wasu ƙasashe ne, amma zuciyar ɗan Adam guda ce. Bambancin kawai shi ne a nan ba a saba faɗi ba. Tarbiyyar gida ta koya wa namiji ya haɗiye, ta koya wa mace kunya da haƙuri. Kalmar "taɓin hankali" kuwa da an ambace ta sai tunani ya tafi ga mahaukacin da ke yawo a kasuwa, ko ga wanda a ka ce iskoki sun buge. Wane manjo ne zai je gaban shugabansa ya ce barci ya ƙaurace masa, gabansa yana faɗuwa in ya ji ƙarar babur da dare, hannunsa yana rawa in zai sa allura? Yana tsoron a ce ya gaza, a rubuta cikin takardunsa. Saboda haka ciwon sai ya fito ta wata ƙofa. Mai fara'a ya koma mai tsawa. Mai lura ya fara mantuwa, ya rubuta maganin babba ga yaro. Wani ya yi ta neman izinin zuwa Tawa ba dalili, wani ya shiga bin manya a mai da shi birni. Akwai kuma haɗarin da ba a son ambata: mabuɗin akwatin magani yana aljihunsa, kuma kowa ya san ɓarnar da tramol ya yi wa samarin ƙasar nan. Mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba yana iya neman sauƙi inda bai kamata ba.

Jama'a su kan yi kuka da halin wasu ma'aikatan asibiti, da zafin bakinsu, da wulaƙanta mai naƙuda. Kukan yana da gaskiya, kuma babu gajiyar da ta halatta cin mutuncin marar lafiya. Amma shugaban da ke son ya gyara sai ya tambayi kansa nawa ne cikin wannan zafin hali mugun hali ne, nawa ne kuma na mutumin da aka bari shi kaɗai har ya ƙone. Tun 2019 OMS ta amince cewa akwai irin wannan ƙonewa da aiki ke jawowa, ta bayyana alamunta: ƙarewar ƙarfi, sanyin zuciya ga aikin da mutanen da a ke yi wa shi, da raguwar ƙwarewa. Wanda ya taɓa zama layin awo ranar kasuwa ya ga dukansu da idonsa.

Akwai masu cewa ai sun yi rantsuwa, kuma soja ba ya gudun fagen fama. Gaskiya ne, kuma mafi yawansu ba su gudu ba. Sai dai ba a tura soja fagen fama hannu sake, ba a barinsa shekara bisa gadi ba canji, kuma in ya faɗi an san abin da za a yi wa iyalinsa. Da yawa cikin masu riƙe da gidajen likita na karkara ƴan kwantaragi ne, wasu ma masu aikin sa kai ne da ke jiran a ɗauke su. Wanda kuɗinsa kan yi jinkiri, wanda bai san wa zai biya maganinsa in ya kamu ba, wanda bai san makomar ƴaƴansa in ya mutu ba, in an ce masa ya yi jarunta an ɗora masa kaya biyu. Akwai kuma masu cewa mai imani ba ya tsoro. Malamai da kansu sun sha bayyana cewa dogaro ga Allah yana tafiya tare da ɗaukar mataki, kuma addu'a da sallar dare sun riƙe ma'aikata da yawa a kwanakin nan. Imaninsu bai sauke wa hukuma nauyin sabulu da safar hannu ba.

Dalilin da ya sa maganar ba ta tsufa ba shi ne, ga gundumomin Madawa da Buza da Keita, korona baƙuwa ce cikin tsofaffin baƙi. Sanƙarau yana zuwa da iskar hunturu da zafin bazara: a 2015 ya kama mutum sama da dubu 8 a Nijar, ya kashe sama da 500. Kwalara tana zuwa da damana: a 2021 ta kama sama da dubu 5, ta kashe sama da 150, jihar Tawa tana cikin waɗanda ta fi taɓawa, kuma a damanar 2024 ta sake ɓulla a Buza da Ƙonni da Madawa. Tsakanin Yuli da Oktoba kuwa masassarar cizon sauro da tamowa su kan cika ɗakin yara na asibitin Madawa har a kwantar da biyu bisa gado guda, abin da ya sa ƙungiyar likitocin MSF ta kafa aiki a nan bayan yunwar 2005, kuma Madawa da Buza na cikin wuraren da a ka fara raba wa yara maganin rigakafin masassara na damana a 2013. Ma'aikacin da ya rufe idon yara uku cikin dare guda, gari ya waye ya ci gaba da awo kamar ba abin da ya faru, yana ɗauke da kaya ko babu wata annoba mai suna.

To, me ke rage tsoro? Abu na farko kayan aiki ne, kuma a ajiye su tun kafin a bukace su. Ba a fara gina rijiya ranar da gobara ta tashi. Takunkumi, safar hannu, sabulu, ruwan jabel, ruwan ƙari, da ruwa mai tsabta cikin gidan likitar kansa. Kwali guda na safar hannu ya fi dogon jawabin ƙarfafa gwiwa kwantar da hankalin manjo. Tare da kaya sai sani. Ma'aikacin da aka koya wa cewa kwalara ta hannu da baki ta ke shiga, ya san awon jabel na wanke hannu da na wanke gado da na zubawa bisa kashin marar lafiya, zai shiga ɗakin da natsuwa. Wanda ya san mai sanƙarau ya kan daina yaɗa cutar bayan kwana guda da fara allurar da ta dace, ya san ranar da zai yi taka-tsantsan da ranar da zai saki jiki. Abin da ya sa korona ta fi firgitarwa a farko shi ne ba wanda ya san iyakarta. Da aka fara allurar rigakafinta a Nijar a ƙarshen watan Maris 2021, aka sa ma'aikatan lafiya cikin sahun gaba, an yi daidai, kuma haka ya kamata a riƙa yi a kowace annoba mai rigakafi.

Gaskiya ma magani ce. Ma'aikaci ya fi jure labari marar daɗi daga bakin shugabansa bisa ga jita-jitar WhatsApp. In kaya sun ƙare a ce sun ƙare, a faɗi ranar da a ke sa ransu. In abokin aiki ya kamu a sanar da sauran, a gaya musu halin da ya ke ciki. Ɓoye-ɓoye shi ke sa kowa ya ɗauka abin ya fi yadda ya ke muni.

Hutu kuwa, a nan ne aikin shugabannin gunduma ya ke. Ba za a samu ma'aikata ninki biyu gobe ba, amma ana iya tsara ƴan ƙalilan masu zagayawa daga Madawa ko Buza ko Keita, waɗanda za su karɓi manjo na kwana biyu ko uku lokacin da aiki ya yi tsanani, ya je ya ga iyayensa, ya yi barci. Ana iya hana a bar gidan likita mai yawan jama'a da ma'aikaci guda cikin damana. Ana iya sauke mai ciki daga ɗakin masu cuta mai yaɗuwa ba tare da ta roƙa ba. Kuma wajibi ne a rubuta a fili, ɗan kwantaragi da ma'aikacin dindindin duka, cewa wanda ya kamu da cuta a bakin aiki gwamnati ce ke jinyarsa, in ya rasu iyalinsa suna da hakki. Ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS tana da abin faɗi a nan, kuma ya dace ta sa wannan batu kusa da na albashi in ta zauna da hukuma.

Saura maganar wanda za a gaya wa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ana ƙirga su da yatsu, kuma sanannen wurinsu, Pavillon E na babban asibitin ƙasa, yana Yamai. Ba wanda zai bar Galma ya yi tafiyar yini guda don ya ce ba ya barci, balle sunan wurin kaɗai ya isa ya hana shi. Amma mafi yawan masu wannan damuwa ba su bukatar likitan ƙwaƙwalwa. Suna bukatar wanda ya san aikin, ya saurare su, ya rufa musu asiri. Tun 2008 OMS ta fito da tsarin mhGAP don koya wa ma'aikatan lafiya na ƙasa-ƙasa gane ciwon damuwa da taimakon mai shi, a 2011 kuma ta fito da jagorar taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali. An yi su ne domin marasa lafiya, amma babu abin da ya hana a horar da mutum biyu a kowace gunduma su zama kunnen abokan aikinsu, da lambar wayar da kowa ya sani, bisa sharaɗin abin da aka faɗa ba zai shiga takardar ma'aikaci ba. In babu wannan sharaɗi, wayar ba za ta yi ƙara ba ko sau guda.

Jama'ar gari su ma suna da rabonsu, kuma nasu ba ya cin ko dala. Ƙasar nan tana da tsohuwar al'ada ta haɗa kai da likita, tun zamanin masu taimakon gaggawa da ungozomomin ƙauye da aka fara horarwa a jihar Maraɗi cikin shekarun 1960, har zuwa kwamitocin COGES da ke kula da gidajen likita. Waɗanda su ka yi karatun yaƙi da jahilci su ne sau da yawa ke riƙe da littafin kwamitin, su ne a ke kawo wa takarda su karanta. In annoba ta zo, maigari da liman su ne za su tsaya gaban jama'a su ce wannan baƙo amanar gari ne, takunkumin da ya sa kariya ce ga kowa, ba a jifansa da magana, ba a gudun ƴaƴansa. Samari su ɗebo ruwa su cika randunan gidan likita. Mata su aika wa ungozoma tuwo ranar da ta kwana tsaye. Mai kawo marar lafiyar da ciwonsa ba na gaggawa ba ne ya jira gari ya waye. Wanda ya ga likita ya rame, ya daina zuwa majalisa, ya tambaye shi lafiya, ya kuma tsaya ya ji amsar.

Kowane ƙarshen wata manjo ya kan cika takarda ya aika Madawa: yara nawa aka yi wa allura, mata nawa su ka haihu, mutum nawa su ka rasu, kwalba nawa ta rage cikin firiji. In masu zagayen dubawa sun zo daga gunduma, su kan buɗe littattafai, su ƙirga magani, su duba zafin firiji, su sa hannu su hau mota. Ya kamata a ƙara musu aiki guda cikin takardar zagayen: su zauna da ma'aikacin su biyu, su tambaye shi dare nawa aka tashe shi cikin watan, yaushe rabonsa da hutu, wace mutuwa ce ta tsaya masa a rai, kuma me ya ke tsoro. Abin da ya faɗa game da kaya da hutu a kai shi gaban shugaban likitocin gunduma tare da lissafin allura, a ba shi amsa kafin zagaye na gaba. A fara da gidajen likitar da ke da ma'aikaci guda, kuma a fara kafin ruwan farko ya sauka.